Bakin Tire

Sikeli yana kwana a ƙarƙashin gadona
kamar mai bin bashin da ya gane gida.
Ranar Asabar nake jawo shi da yatsan ƙafa,
in tuɓe awarwaro, in sauke ɗankwali,
in fesar da numfashi duka, sannan in hau.
Casa'in da huɗu.
Ko kunyar furfurata ba ya ji.

Likitar nan 'yar Sudan, Sittana,
mai damtse kamar sillen kara,
ta ce, "Hajiya Yalwa, gwiwa ba jaki ba ce.
Bene hawa uku kullum, da wannan kaya?"
Ta rubuta mini: kokwamba, latas,
gasasshen kifi, shayi lami.
Na liƙa takardar a ƙofar firiji,
muna gaisawa safe da yamma.

To amma wa zai sanar da Karantina
cewa Yalwa ta daina basbusa?
Tire huɗu duk Alhamis,
shida idan ana suna a layin 'yan Yaman.
Samid kofi uku, kindirmo, kwakwa,
man shanu har cokali ya yi sulɓi.
In tsaga da wuƙa, in dasa gyaɗa a kowane yanki,
in tura tanderu, in zauna ina fifita.
Idan ruwan sukari ya sauka a kan zafinta
tana yin wani cuuu
da ko kurma sai ya waiwayo.

Ni fa ba ci nake ba.
Ɗanɗanawa ce, kada in sayar wa mutane abin kunya.
Sai kuma bakin tire,
wancan da wuta ta ɗan lasa, ba mai saye,
zubar da shi kuwa almubazzaranci ne.
Jikata Batulu ta buɗe mini littafi a ɓoye.
Jiya ta ce, "Kaka, na haɗa lissafi,
bakin tire sha ɗaya, tire guda ne cif."
Boko ya ɓata yarinyar nan.

Bayan asuba nake fita da Uwale,
takalman gudu a ƙarƙashin abaya,
iskar Jidda ta jiƙa mu kafin gumi ya zo.
Zagaye biyar muka yi alkawari.
A na uku mai tamis yake buɗe tanderunsa,
ƙamshin ya tare hanya kamar ɗan sanda.
Uwale ta ce mu sayi ɗaya saboda yara.
Uwale ba ta da yara a gida.

Da dare, idan na zuba wa kowa kabsa
na ja kwanon ganyena gefe,
uwata nake tunawa.
Ta iso ƙasar nan wuyanta kamar zare,
shekara uku a hanya, rabinta a gonar auduga,
har ta rasu ba ta bar ƙanzo a tukunya ba.
Ita ce ke matsa kumatuna ta ce,
"Ci, 'yar nan, rama ba ado ba ce."
Yanzu ga ni da tukunya cike,
ina koyon yunwa da gangan,
har ina biyan likita ta koya mini.

Asabar ta dawo.
Na tuɓe awarwaro, na yi bisimilla.
Casa'in da biyu da rabi.
Na sauka, na sake hawa, bai canza magana ba.
Na yi guɗa har Uwale ta jiyo daga hawa na biyu.

Ga ta nan tana haurowa da haki,
hannunta ɗauke da kunafa mai zafi,
wai barka.
Batulu ta riga ta ɗauko biro.
Na ce, yanko mini daga gefe.